Hana mai juna biyu ƙarin girma a wurin aiki: abin da dokar Masar ta tanada

Yawancin 'yan zango da ke Alƙahira karatu ne ya kai su, shi ya sa sunan Darrasa, unguwar da ke maƙwabtaka da masallacin Azhar da na Husaini, ba baƙo ba ne a gidajenmu. Amma ba kowa ke zaune a aji ba. Akwai matan ɗalibai da waɗanda suka kammala karatu da ke aiki a makarantun kuɗi, cibiyoyin koyar da Larabci da kamfanonin amsa kiran waya. Wannan bayani domin su ne, da mazajensu, da iyayen da ake bugo wa waya daga can idan abu ya ɓaci.

Ga yadda matsalar take faruwa. Gurbi ya buɗe a inda mace take aiki, misali ana neman shugabar sashe. Ta nema, tana da takardu da shekarun aiki. Sai labarin cikinta ya fita, ko aka tambaye ta a wajen ganawa yaushe za ta haihu. Bayan kwana biyu aka ba wani. Ba a kore ta ba, ba a taɓa albashinta ba, kuma ba wanda zai rubuta cewa cikin ne dalili. Abin da ke hannunta zato ne kawai.

Dokar ƙwadago mai lamba 14 ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Satumba 2025 a madadin ta 2003, ta haramta nuna bambanci saboda jinsi wajen horarwa, tallata gurbi, ɗaukar ma'aikaci da sharuɗɗan aiki. Ke nan haramcin bai tsaya a ƙofar shiga ba, ya shafi gurbin da aka tallata wa ma'aikatan cikin gida. Sashe na 53 na tsarin mulkin Masar na 2014 kuma ya kira nuna bambanci laifi ne da doka ke hukuntawa.

Sabuwar dokar ta mayar da hutun haihuwa wata huɗu da albashi, har sau uku a tsawon aiki, a maimakon kwana 90. Ta kuma cire sharaɗin da ke cikin tsohuwar na sai mace ta yi wata goma tana aiki. Daga wata na shida na ciki ana rage mata awa ɗaya a rana, ba a sa ta aikin ƙarin lokaci har wata shida bayan haihuwa, kuma ba a korarta tana cikin hutun. Ma'aikatan gwamnati tasu dokar daban ce, mai lamba 81 ta 2016, ita ma wata huɗu ta bayar. A nan ya kamata a lura: waɗannan haƙƙoƙin su ne ainihin abin da ke sa wani mai kamfani ya ja baya, domin lissafinsa shi ne sabuwar shugabar sashe za ta ɓace masa wata huɗu. Lissafin na iya zama gaskiya, amma doka ba ta karɓe shi a matsayin uzuri ba.

Wahalar tana wajen hujja. Kora abu ce da ake gani, tana da takarda da rana. Hana ƙarin girma kuwa mai aiki yana iya cewa wanda aka zaɓa ya fi cancanta, a rufe magana. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta ɗora wa mai aiki nauyin tabbatar da cewa ba ciki ne dalili ba, amma a kan kora take magana, kuma Masar ba ta cikin ƙasashen da suka amince da ita. Don haka mai ƙorafi ta shirya kawo nata shaidun.

Abin da ke mayar da zato hujja shi ne rubutu da jerin ranaku. A adana sanarwar gurbin da sharuɗɗan da aka gindaya, da takardar neman da aka miƙa, da rahoton aikin shekarun baya. A rubuta ranar da aka sanar da cikin, da ranar da magana ta sauya. Idan shugaba ya yi alkawari a WhatsApp, daga baya ya rubuto cewa a bari sai bayan haihuwa, wannan saƙon ya fi shaidu goma na baka. Sannan a nemi dalilin ƙin a rubuce, cikin ladabi. Ba lallai ba ne a bayar, amma ƙin amsawar ma abin nunawa ne. A kuma yi wa kai adalci: idan wanda aka ɗauka ya fi takardu da daɗewa, wataƙila cikin ba shi da hannu.

Ƙorafi yana farawa ne daga ofishin ƙwadago na yankin, wanda Misrawa ke kira maktabul amal, kuma wa'adin neman sulhu gajere ne, kwana goma daga tasowar saɓanin. Idan sulhu ya gagara sai a tafi kotun ƙwadago, inda ma'aikaci ba ya biyan kuɗin shigar da ƙara. Majalisar Mata ta Ƙasa, da aka kafa a 2000, tana da ofishin ƙorafi da ke ba da shawarar lauya a layin 15115.

Sai dai duk wannan kariya ta fi amfanar mai kwantiragi a rubuce. Baƙo a Masar yana buƙatar izinin aiki daga ma'aikatar ƙwadago, kuma iƙamar karatu ba izinin aiki ba ce. Wadda take aiki a kan yarjejeniyar baka ba tare da izini ba, kai ƙara na iya tono matsalar zamanta, don haka ta fara ganin lauya kafin ta doshi kowane ofis. Masu aikin gida kuwa dokar ƙwadagon ba ta shafe su ba gaba ɗaya.

A gida Gana, dokar ƙwadago ta 2003 ta ba da hutun mako 12, kuma ta ɗauki korar mace saboda ciki a matsayin kora ba bisa ƙa'ida ba. A Afrilun 2018 babbar kotu a Akra ta soke ƙa'idar hukumar kashe gobara da ta hana sababbin ma'aikata mata ɗaukar ciki a shekara uku na farko. Hukumar CHRAJ ce ta kai ƙarar a madadin mata biyu da aka kora, kotu ta ce a mayar da su aiki, a biya su albashin da suka rasa, da diyyar sidi 50,000 kowacce. Abin da ya sauƙaƙa waccan shari'a shi ne ƙa'idar tana rubuce a littafin hukumar, kotu ta karanta ta da idonta.