Lokacin Da Muke Ce Mata "Kabari Salamu Alaikum"

A shekarun 1990, mu a Wudil ba ma kama sunan ƙanjamau, sai dai mu ce "kabari salamu alaikum". Na tuna wata maƙwabciyarmu, mijinta direban motar shanu ne. Da ta kwanta, har kwanonta aka ware. Ni ma ban leƙa ta ba, Allah Ya yafe mana.

A 2006 gwamnati ta mayar da maganin kyauta, amma kunya ta sa wasu sai sun tafi Kano karɓa, kada idon sani ya gan su. A ganina, auren zawarawa na Hisbah a 2012 ne ya fara sassauta zukata, da malamai da kansu suka ce ba ɗaurin aure sai da gwajin jini. A 2024 gwajin ya zama doka a jihar Kano.