Tsohuwar Jarida Ita Ce Shaidar 'Yan Ƙwallo

A watan Janairu na 1939 aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta. A garuruwan Lardin Sakkwato na lokacin, irin su Anka da Gummi da Bukkuyum, jarida guda kan ishi zaure guda: mai boko ya karanta, saura su kasa kunne.

Cikin wannan zamani ne, a 1953, 'yan ƙwallon Kano suka ci Dynamos ta Ikko biyu da ɗaya, suka ɗauko Kofin Gwamna. Tun da aka soma gasar a 1945, kofin bai taɓa barin Ikko ba sai ran nan. Bai sake komowa Kano ba sai 2019, a hannun Kano Pillars, bayan shekara 66.

To, waɗanda suka ga wasan farko galibi sun riga mu gidan gaskiya, takarda kuwa abincin gara ce. A Ingila akan sake buga tsohuwar jarida yadda take, magoya baya su saya su adana. Malamanmu ma juyar littafi suke yi don kada ya ɓace. Ya kamata a yi wa jaridun 1953 haka, tun gara ba ta riga mu ba.