Uba Kafin Ɗa: Hujjar Wata Doka a Harshen Ada

Lokacin da ƙungiyar Jean Ichbiah ta tsara harshen Ada domin Ma'aikatar Tsaron Amurka, ƙa'idar 1983 ta zo da ƙunshin gama-gari: ƙunshin umarni da ake rubutawa sau ɗaya, ba tare da an faɗi irin bayanan da zai ɗauka ba, sai daga baya a fitar da shi ta hanyar faɗin irin bayanan. Ƙunshin ɗa kuwa, wato wanda ake ginawa ƙarƙashin wani ƙunshi da ke matsayin ubansa, sai a gyaran 1995, ƙarƙashin jagorancin Tucker Taft. Haɗuwar biyun ta haifi dokar da ɗalibai ke kuka da ita: duk ɗan da ubansa gama-gari ne, tilas shi ma ya zama gama-gari, kuma ba a fitar da ɗan sai ta hannun uban da aka riga aka fitar.

A ce akwai ƙunshin gama-gari mai suna Jeri, da ɗansa Jeri.Tsara. Mai rubutu zai fara da package Lambobi is new Jeri (Integer). Sannan ya biyo da package Tsari is new Lambobi.Tsara. Wanda ya yi gaggawa ya nemi Jeri.Tsara kai tsaye daga waje, kwamfailar GNAT, manhajar da ke fassara shirin Ada, za ta ƙi shi nan take.

Masu suka na cewa wannan wahala ce kawai, tun da C++ ba ya neman irin wannan jerin gwano. A ganina sun manta da abin da ɗa yake gani. A gidajen Gidan Dahala, kamar ko'ina a Sakkwato, baƙo zaure ne iyakarsa, ɗan gida kuwa har ƙuryar ɗaki. Haka ɗan ƙunshi: jikinsa na ganin ɓoyayyen sashen ubansa, wanda sauran shirin ba ya gani. To ɓoyayyen sashen wa zai gani, idan an fitar da Jeri sau biyu, ɗaya na lambobi ɗaya na sunaye? Kowanne da nau'insa da ma'ajiyarsa. Ba zai yiwu a bar kwamfaila ta yi canki-canka ba.

Gaskiya ne layukan kan yi yawa idan zuriyar ta kai jika, domin kowane mataki sai an fitar da shi da sunansa. Amma harshen da aka rubuta yawancin manhajar jirgin Boeing 777 da shi an gina shi ne domin kuskure ya bayyana tun a teburin injiniya, kafin a ɗora shirin a kan na'ura.