Asalin Kalma: Hubbare

Ba kowane kabari ne Bahaushe yake kira hubbare ba. Sai kabarin waliyyi ko babban malami, wanda aka kewaye da gini, jama'a na zuwa ziyara.

Tushen kalmar Larabci ne: "ƙubba", wato rufin gini mai tulluwa irin wanda ake gani a saman masallaci. Tun da daɗewa a ƙasashen Musulmi ana ɗora irin wannan rufi a kan kaburburan manyan bayin Allah, har sunan rufin ya koma sunan ginin gaba ɗaya. Amma kalmar ba ta zo mana kai tsaye ba, ta bakin Fulani ta biyo. A Fillanci ana musayar "k" da "h" a farkon suna: "hoore" kai ne, jam'insa "ko'e". Haka harafin farko ya zama "h", aka kuma liƙa mata ɗafin "-re" da Fillanci ke yawan yi wa sunaye.

Mafi shahara shi ne Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, inda aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u ma a nan take kwance. Hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana Wurno.

Muna da kushewa, muna da kabari, amma hubbare ne ke ɗauke da girmamawa. Ya kamata mu koya wa yaranmu bambancin.