Daga Zugazugi zuwa Injin Walda: Tarihin Aikin Ƙarfen Mota a Jega, Aliero da Maiyama

Walda ita ce haɗa ƙarfe da ƙarfe ta hanyar narka bakinsu da wuta mai tsananin zafi har su zama abu guda idan sun huce. A garuruwan Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi sana'ar ba ta tsiro daga masana'anta ko makaranta ba. Mota ce ta kawo ta, kuma hanyar mota ce ta raine ta. Dukkan garuruwan uku suna kan babban titin da ya taso daga Legas, ya ratsa Ilori, Jebba, Kwantagora, Yawuri da Koko, ya wuce Tambuwal zuwa Sakkwato. Maiyama na kudu da Jega, Aliero na kan hanyar Sakkwato, ita kuwa Jega mararraba ce, domin a nan hanyar Birnin Kebbi ke rabuwa.

Aikin ƙarfe ya riga mota daɗewa a wannan yanki. An kafa Jega wajen shekarar 1820, a hannun Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, kuma ba a jima ba ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, inda ayarin fataken goro na Gwanja ke yada zango. Kasuwa irin wannan ba ta zama ba tare da maƙera ba. Akwai maƙeran baƙi masu ƙera fartanya, garma, lauje, gatari, linzami da likkafa, akwai kuma maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Ƙarfen da suke aiki da shi daga tama ake narko shi. Maƙerin wancan zamani ya san haɗa ƙarfe biyu: zai sa su a wuta, yaro na jan zugazugi, har su yi fari, sannan ya ɗora su kan uwar maƙera ya yi ta duka da masaba har su kama juna. Ƙira kuwa gado ce, tana da Sarkin Maƙera, tana da sirrinta, ba kowa ke shigarta ba.

Waldar zamani daga Turai ta fito, kuma iri biyu ce ta iso nan. Ta farko ita ce ta lantarki. Wani Barashe mai suna Nikolai Benardos ne ya fara nuna ta a shekarun 1880, sannan a farkon ƙarni na 20 Oscar Kjellberg na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro sandar walda mai rufi, wadda rufinta ke kare narkakken ƙarfe daga iska. Irin wannan sanda ce har gobe ake saye a kwali a shagunan kayan gini, ana kiranta da lambar kaurinta, geji 10 ko geji 12. Ta biyu ita ce ta gas. A 1892 aka gano hanyar sarrafa kabayit da yawa cikin araha, wanda idan ya haɗu da ruwa yake fitar da iska mai kamawa da wuta. A 1903 wasu Faransawa biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, suka ƙera bakin wutar da ke haɗa wannan iska da iskar oksijin, ya ba da harshen wuta mai zafin da ya wuce digiri 3,000. Yaƙe-yaƙen duniya biyu ne suka yaɗa fasahar, saboda buƙatar ƙera jiragen ruwa da motocin yaƙi cikin gaggawa.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amma bai taɓa zuwa ƙasar Kabi da Gwandu ba. Wannan shi ne babban abin da ya tsara makomar sana'ar a yankin. Duk abin da aka noma, gyaɗa ce ko auduga ko shinkafa, da fatu da dabbobi, sai dai jaki da raƙumi da kwalekwale su ɗauka, daga baya kuma babbar mota ta karɓe su. Manyan motocin wancan zamani, irin su Bedford da Austin, kai da ƙashin ƙarfe kawai ake shigowa da su, kafinta ne ke yi musu bodin katako. Saboda haka a wancan lokaci kafinta ya fi mai walda muhimmanci a tasha. Idan ƙarfe ya karye a hanya, wurin maƙeri ake kai shi ya ɗaure ko ya buga ƙusa, in abin ya fi ƙarfinsa a tafi da shi Sakkwato ko Gusau. Su ma maƙeran sun amfana da zuwan mota ta wata fuska: tsohon sifirin da karyayyen ƙarfen mota sun fi ƙarfen tama sauƙin samu da inganci, har narka tama ya mutu gaba ɗaya. Har yau gatari ko adda da aka ƙera da sifirin mota ba sa kwantai a kasuwa.

Waldar gas ce ta fara zama a ƙananan garuruwa, domin ba ta neman lantarki. Tukunyar kabayit, tulun oksijin, roba biyu da bakin wuta sun isa a buɗe wurin aiki a gindin bishiya. Da ita ake like salansa, a gyara lagireto, a toshe tankin mai, a miƙe bodin da ya lotsa. Kamar sauran garuruwan Arewa, yawancin masu sana'ar hannu na farko a harkar mota baƙi ne daga Kudu. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun sa da yawa daga cikinsu sun koma gida, yaran da suka koya a hannunsu suka gaji wuraren. A nan ne aka sami babban bambanci da ƙira: walda ba ta tambayar gidan da mutum ya fito. Ɗan manomi, ɗan malami da ɗan maƙeri duk za su iya zama yaran shago, su shekara suna share wuri da riƙe ƙarfe kafin maigida ya miƙa musu sanda.

Shekarun 1970 sun zo da kuɗin man fetur. Madatsar ruwan Kainji ta fara aiki a 1968, aka ja babban layin lantarki daga can zuwa Birnin Kebbi, wuta ta riƙa shiga garuruwa sannu a hankali. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, Volkswagen a Legas, daga baya Steyr a Bauci, da masu manyan motoci a Kano da Inugu. A-kori-kura ta 404 da 504 ta cika hanyoyin ƙauye, kuma kusan kowace sai ta bi ta hannun mai walda kafin ta fara aiki: a ɗaga mata keji, a sa mata ƙarfen ratayawa a baya, a ƙara mata sifirin. A farkon shekarun 1980 aka buɗe masana'antun murza ƙarfe a Katsina, Jos da Oshogbo, rodi ya wadata, ƙofa da taga na ƙarfe suka fara korar na katako. Mai walda ya sami ƙafa biyu, ɗaya a gareji, ɗaya a wurin gini.

Abin da ya mayar da sana'ar yadda take a yau shi ne tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida a 1986. Darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, kayan gyara na asali suka yi tsada. Aka koma ga tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar ruwa ta Kwatano, kuma Kebbi, wadda aka yanke daga Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agustan 1991, tana iyaka da Binin da Nijar duka. Motar da ta gama rayuwarta a Beljiyam takan zo nan ta fara wata, a hanyar da ba a ƙera ta dominta ba, da kayan da suka ninka ƙarfinta. Abin da a Turai za a cire a jefar, a nan sai a ɗinke shi. Mai walda ya koyi yanka mota biyu da suka yi haɗari ya fitar da guda, ya koyi ƙera maƙalar inji don injin wata mota ya zauna a cikin wata, ya koyi ƙara wa ƙashin babbar mota tsawo. Rashin tsayayyar wuta ya sa janareta ya zama rabin jarin shago. Injin waldar kansa sau da yawa na gida ne, wanda masu naɗin waya ke naɗawa da hannu a cikin akwatin katako ko na ƙarfe.

Kowane gari da irin aikin da ya fi kawo wa masu waldarsa. Aliero ta yi suna da albasa, kuma lokacin kakarta manyan motoci ke lodi zuwa Kudu, tafiyar ɗaruruwan kilomita da buhuna jibge har sama. Bodi da ƙofar baya da ƙarafan gefe su ne ke shan wahala, su ne kuma ake yawan gyarawa. Jega na da kasuwa da tasha da fadamar gulbin Zamfara, don haka aikinta gauraye ne. Maiyama da ƙauyukanta sun fi neman amalanken shanu, garmar shanu da kurar ruwa, waɗanda galibi akan ƙera su a kan tsohuwar ƙafar mota da tayoyinta. Noman rani ya ƙara buɗe wata ƙofa. Tun shekarun 1980 injin ban-ruwa ya shiga fadamu, shirin Fadama na Bankin Duniya ya faɗaɗa shi a shekarun 1990, sannan a Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Kebbi. Injin sussuka, injin casa da tukwanen turara shinkafa na ƙirar gida duk daga hannun mutanen da suka koyi sana'a a kan salansa suke fitowa. Babur ma ya kawo nasa rabon, domin ɗan kabu-kabu da mai dakon jarka kowa na son kariyar ɗaukar kaya da ta fi ta kamfani ƙarfi.

A Amurka da Turai akwai masu riƙon walda a matsayin abin sha'awa: ma'aikaci ya sayi inji ya ajiye a gida, ranar hutu ya yi ta gyaran tsohuwar mota don jin daɗinsa. A nan da wuya a sami wanda zai ƙona mai da sanda a kan aikin da ba za a biya shi ba. Amma sha'awar tana nan, ta dai bi wata hanya ne. Ana ganinta a motar kara da ta gwangwani da yara ke ƙerawa, da kan sitiyari na waya mai juya ƙafafu. Ana ganinta a adon da direba ke biya a yi wa motarsa, da ƙarfen gaba mai lanƙwasa, da tsani, da akwatin kaya. Wani lokaci takan kai mutum nesa. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin Honda da tarkacen mota. Jelani Aliyu kuma, wanda ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka, shi ne ya zana siffar farko ta motar Chevrolet Volt, aka kuma naɗa shi shugaban hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta Najeriya a 2017.

Sana'ar da aka koya da ido tana da ƙarfi, tana kuma da rauni, kuma raunin nan ba ƙarami ba ne. Ba kowane ƙarfe ke karɓar walda iri ɗaya ba. Sifirin da aka yi wa walda ya rasa taurinsa a wurin, zai sake karyewa. Jikin inji na zubi ne, yana son sanda ta musamman da ɗumamawa da hucewa a hankali, in ba haka ba ya tsage. Ƙarfen sitiyari da na ƙafa bai kamata a ɗinke su ba sam, domin ran fasinja ke kansu, amma tsadar sabo kan sa a yi. Tankin da aka juye mansa ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ya rage a ciki, kuma an sha asarar rayuka a garuruwan Najeriya wajen waldar tankar mai. Hasken walda yana ƙona ido ko da ba a ji nan take ba. Baƙin gilashin kwalliya da yara ke sawa ba ya tare shi, shi ya sa da dare ido ke yin ja yana zubar da ruwa. Duk wannan ilimi ne da za a iya koyarwa cikin 'yan makonni.

Wuraren koyarwar kuwa ba su yi nisa ba. An kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu a 1971, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa ta zo da tsarin koyon sana'a a hannun masu shago a ƙarshen shekarun 1980, akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, kuma a 2006 aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a cikin Aliero kanta. Duk da haka mafi yawan masu walda na bakin titi ba su da takardar shaida, kuma abin da ake koyarwa a aji ba ya cika isowa rumfarsu. Buƙatar haɗa biyun ta ƙaru bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da aka fara mayar da motoci masu amfani da iskar gas. Tulun wannan gas yana ɗauke da matsi mai tsanani, kuma ba a yi masa walda ko kwaikwayonsa a shago. Ya kamata jami'ar Aliero, ƙananan hukumomin uku da ƙungiyoyin masu sana'ar su shirya gajeren horo da Hausa kan sanin ƙarfe da kare kai, a kai shi har gareji, domin a can ne ake gyara motocin da ke ɗaukar mutanen yankin da amfanin gonarsu.