Badujalar Jami'o'in Amurka

Badujalar jami'a ƙungiya ce ta ɗalibai mabusa da makaɗa waɗanda ke tafiya sahu-sahu cikin tufafi iri ɗaya, galibi a filin ƙwallon Amurka lokacin hutun rabin lokaci. A manyan jami'o'i ƙungiya ɗaya takan haura mutum 300.

Asalinta daga soja ne. A 1862 aka kafa Dokar Morrill, wadda ta bai wa jihohi filaye domin su gina kwalejojin noma da ƙere-ƙere, bisa sharaɗin a riƙa koyar da dabarun soja. Fareti kuwa ba ya yiwuwa sai da ganga da begila, don haka badujala ta shiga makarantun tare da kaki. Jami'ar Notre Dame ta riga wannan doka, domin tana da makaɗanta tun shekarun 1840, kuma sun yi kiɗa a wasan ƙwallonta na farko a 1887. Har yau badujalar Texas A&M, wadda aka kafa a 1894, ba ta bar takun soja ba.

Ƙwallo ce ta sauya lamarin. Mai kallo daga saman benci ba ya bambance fuskoki, siffar da sahun ya yi kawai yake gani. A 1907 'yan badujalar Jami'ar Purdue suka karya sahu suka zana harafin P da jikinsu a tsakiyar fili, kuma a shekarar nan ce 'yan Illinois, ƙarƙashin Albert Austin Harding, suka fara cike hutun rabin lokaci da wasa. Tun 1936 'yan Ohio State suke rubuta sunan jiharsu suna tafe, kamar alƙalami na bin takarda. Ɗigon da ke kan harafin i, mai busa susafon ne yake tsayawa a gurbinsa, wato ƙaton ƙahon nan da ake rataya a kafaɗa, wanda ya ci sunan jagoran badujala John Philip Sousa. Akwai ɗalibin da zai yi shekara huɗu yana ɗaukar wannan nauyi don ya zama ɗigon sau ɗaya.

A ganina, wuri mafi armashi a tarihin nan shi ne jami'o'in baƙar fata na Kudu, waɗanda aka kafa lokacin da wariya ta hana su shiga na Turawa. A 1946 William P. Foster ya karɓi badujalar Florida A&M da ɗalibai ƙalilan, ya raina ta har ta zama Marching 100. Ya sa a ɗaga gwiwa sama, a sauya taku daga na hawainiya zuwa na gudu, a yi rawa ana busa waƙoƙin da ake yayi. Horon soja yana nan, amma jiki ya sami 'yancinsa. Badujalar Grambling, ɗaya daga cikin waɗannan makarantu, ta yi wasa a Super Bowl (wasan ƙarshe na gasar ƙwararrun ƙwallon Amurka) na farko a 1967, Faransa kuma ta gayyaci Marching 100 zuwa Paris a 1989 don bikin cika shekara 200 da juyin juya halinta. A wasannin waɗannan makarantu, da yawa badujala suke zuwa gani, ba ƙwallo ba, kuma bayan an tashi badujalolin makarantun biyu da suka kara sukan zauna suna mayar wa juna martani da busa.

Mata sun daɗe a waje: Michigan ta karɓe su a 1972, Ohio State a 1973. Akwai kuma mummunar al'adar azabtar da ɗalibai da sunan gwajin zama ɗan ƙungiya. A Nuwamban 2011 wani jagoran sahu na Marching 100 ya rasu bayan dukan da abokansa suka yi masa a cikin bas a Orlando. An dakatar da ƙungiyar, shugaban jami'ar ya sauka a 2012, kuma sai a 2013 ta koma fili.