Daga damin hatsi zuwa Nita: yadda karɓar kuɗin haya ya faro a ƙasarmu



Shekaranjiya wani malamin lakkwal ya kira ni bayan shiri, murya na rawa. Mai gidan da yake haya ya ce yana bin shi wata uku, shi kuma ya rantse wata ɗaya ne. Na ce mashi, malam, ina resi? Babu. Wa ya shaida? Babu kowa. Shi ya sa na ce yau mu koma baya, mu ga inda wannan al'amari ya samo tushe.

A da, a karkara ba a san hayar ɗaki ba. Baƙo in ya zo, mai gari ke saukar da shi, a nuna mashi inda zai kafa bukka. Abin da ake aro gona ce. Mai gona ya ba ka ka noma, in kaka ta yi ka kai mashi dami ɗaya ko biyu. Damin nan ba farashi ba ne, tuni ne cewa gonar ba taka ba ce. In matsi ya yi yawa sai a yi jingina: ka karɓi kuɗi, ka bar gonar hannun mai kuɗin har ranar da ka fanshe ta.

Fatake ma haka. A zangunan hanyar goro, irin su Salaga da Kumasi, bafatake yana sauka gidan fatoma, ya ci, ya kwana, ya ajiye kayanshi, ba a ce mashi kawo kuɗin ɗaki. Fatoma yana samun nashi ne daga la'ada in an yi ciniki. Ke nan tun asali, mai gida mutum ne mai riƙon amanar baƙo.

To yaushe abin ya sauya? Mu dubi Maraɗi. A 1945 ruwan Gulbi ya cinye tsohon garin da ke cikin fadama, Turawan Faransa suka mai da mutane kan tudu, aka yanka filaye layi-layi. Fili ya samu iyaka da takarda, ya zama dukiya. Sai ga cinikin gyaɗa ya bunƙasa, aka kafa SONARA a 1962, alhazan Maraɗi suka samu kuɗi, da yawansu suka zuba shi a gini. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, suka koro talakawa daga ƙauyuka zuwa birni. Masu neman ɗaki suka yi yawa, haya ta zama sana'a.

Yadda ake karɓa a lokacin mai sauƙi ne. Wata ya mutu, mai gida ya zo da kanshi bayan asuba, ko ya aiko yaronshi. Wani ya rubuta a littafinshi, wani ya riƙe a ka. Daga baya dillalai suka shigo tsakani, su nemo maka ɗaki, su karɓi nasu. Sai aka fara neman abans na watanni, da kosiyo wanda ake cewa za a mayar maka ranar tashi. Ga kuma rigimar takardar NIGELEC da ta ruwa in kwanta ɗaya ce ga gida duka.

Mu nan haya ta iso mu a makare. Bayan zaɓen kwamin na 2004, ma'aikatan meri, malamai da ma'aikatan likita suka ƙaru a manyan ƙauyuka, kowa na neman wurin kwana. Yau kuma mai gida yana Yamai ko Legas, ɗan haya yana aika mashi ta Nita ko Al Izza ko Airtel Money. Abin ya sauƙaƙa, har ma saƙon yana zama shaida in ba ka goge shi ba.

Hukuma ba ta yi shiru ba. A 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin COFO masu rubuta aro da jinginar gona. A 1996 aka fito da dokar hayar gidaje. Amma mu nawa muka taɓa rubuta kwantara? Kunya ke hana mu. Sai a ce, haba, ni da kai har da takarda?

To kunyar nan ita ke raba zumunta. Tsohuwar da ɗakuna biyun nan su ne abincinta tana da haƙƙi a biya ta kan lokaci. Malamin da albashinshi ya makara shi ma yana da haƙƙi kar a watsa mashi kaya waje gaban ɗiyanshi. Kakanninmu suna kai dami gaban mutane don kowa ya shaida. Mu ma mu yi hakan: littafi ɗaya, kwanan wata, sa hannun mutum biyu.

Ku faɗa mani yadda ake yi a garinku, ranar shiri zan karanto. Allah ya ba mu zaman lafiya da juna.